Gudun asuba a bayan gari: wa ya san hanyar Kufena?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema. Wata bakwai kenan da na fara fita gudu bayan sallar asuba, tunda likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa kuma tumbin nan sai an rage shi. To kullum hanyata ɗaya ce, daga gida in bi ta Agoro in leƙa Kongo in dawo, ranar da nake jin ƙarfi in miƙa har Ƙofar Doka, amma wallahi na gaji da kwalta, ga hayaƙi ga ƙura ga 'yan keke napep da ba sa ganin mutum, shekaranjiya saura ƙiris wata tifar yashi ta kwashe ni sai da na faɗa kwata, kuma gwiwata ta dama ta fara ƙara in na tashi daga zaune. Kullum in na ɗaga kai ina hango dutsen Kufena can yamma sai kunya ta kama ni, wai ni haifaffen Zariya ne, shekarata 36, ban taɓa taka gindin dutsen nan ba. Akwai wanda ya san hanyar ƙasa, ta cikin gonaki, da mutum zai yi gudunsa ya kuma ga wuraren tarihi? Ba sai Kufena kaɗai ba, ko ina ne in dai ba kwalta.

Bakanon Samaru:
Hhhh Bazazzagi da gudu? Yaya ai ku gudunku ɗaya ne a tarihi, wanda Sarki Makau ya yi ya bar garin. Ku zo Kano mu hau da ku Dala ku ga dutse.

Ɗan Tudun Wada:
Kai ɗan Kano rufa wa kanka asiri, Dala ai tsaunin yara ne, a aljihun Kufena za a saka shi. Kuma da kake zagin garin, a nan kake cin tuwonmu kana neman digiri.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka yi tunani mai kyau, kwalta tana cin gwiwa, ƙasa ta fi sauƙi ga gaɓoɓi, amma ita ma tana da nata sharrin, targaɗe. A kwalta ƙafarka ta san inda za ta sauka, a hanyar gona kuwa akwai rami, akwai saiwa, akwai tsakuwa, dole ido ya riƙa kallon taku uku a gabanka ba sararin sama ba. Mu da muka yi Depot, makarantar horar da kuratan soja, an zagaya da mu bayan garin nan har muka haddace shi da ƙafa. Shawarata kar ka taso da gudu tun daga Tudun Wada, za ka ƙare ƙarfinka a cikin gari kuma dole ka tsallaka babban titin Kaduna zuwa Kano da duhu-duhu, wurin nan tireloli ba sa wasa. Hau acaɓa ya sauke ka bayan Ɗan Magaji ta ɓangaren Wusasa, daga nan ka fara. Kuma kar ka fita sai gari ya fara wayewa har kana iya bambance igiya da maciji.

'Yar Wusasa:
Sannunku. Ni a nan aka haife ni, dutsen nan muna yara can muke zuwa neman itace da tsinkar kanya. Abin da Oga Soja ya faɗa haka ne. In ka shigo Wusasa ka fara a hankali, ka wuce ta wajen asibitin St Luke da tsohuwar majami'ar St Bartholomew, dan Allah ka ɗan tsaya ka kalle ta ko daga waje ne, da ƙasa aka gina ta irin ginin Hausa na da, tun 1929 lokacin da mishan suka taso daga cikin birni suka dawo nan. Likita Miller da kakanninmu ke ba da labarinsa ai a cikin birnin Zariya ya fara zama tun 1905. Mutane da yawa suna wucewa ba su san a unguwar nan Janar Gowon ya tashi ba, haka ma Dakta Dikko, likitan farko ɗan Arewa. Daga nan sai ka nufi wajen makarantar Kufena, wadda iyayenmu har yau suke kira St Paul, in ka bar gidaje sai hanyar ƙasa da gonaki, dutsen na gabanka ba ka buƙatar mai nuna maka. Abin da yake ruɗin baƙo shi ne dutsen yana yi maka kamar ga shi nan kusa, kana tafiya yana ja da baya.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Ana iya hawa har sama da gudu?

'Yar Wusasa:
Da gudu? Hhh ƙanena ka bari. Tafiya ma sai ka dafa gwiwa. Kuma in an yi ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin nan kar ka kuskura, dutsen santsi yake kamar an shafa masa mai. Hawa ba shi ne wahala ba, saukowa ce. Amma in ka kai sama da safe gari ya yi garau za ka ga birni ga rimayen nan nasa, ga Tudun Wada, ga Samaru can arewa, har ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgi ta Palladan kana gani suna shawagi.

Ɗan Tudun Wada:
Kai madalla. To ni akwai wani tunani da nake yi kuma, me zai hana mutum ya zagaye ganuwar birni gaba ɗaya? Na ji an ce zagayenta ya kai wajen kilomita 15, ka ga ai ya isa gudun ranar Asabar. Inda ta rage da tsayi ma sai mutum ya hau samanta ya bi, ya samu hawa da gangara kyauta.

Malamin Tarihi:
A'a ɗana, nan kam ban goyi bayanka ba. Zagaye ganuwa na yarda, hawa kanta ban yarda ba. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da tsoho, shekara 31 na yi ina riƙe da alli, bakin bai saba da gajeren zance ba.

Ganuwar nan ƙasa ce zalla, ba siminti ba dutse. A da kowace shekara bayan damina ana fitar da jama'a gayya a yi mata yaɓe, kowane yanki da masu kula da shi, tun da Turawa suka ci garin aka daina wannan, sai ruwan sama ya yi ta lasar ta shekara da shekaru. Duk inda ƙafa ta yi hanya a samanta nan ruwa yake bi, ya fara da ɗan layi, shekara biyu uku ya zama kwazazzabo, daga nan sai ta rabe biyu. Ku je tsakanin ƙofofin ku duba duk inda yara da awaki suka mayar hanya, ku gaya min abin da ya rage.

In zagayen kake so, ka bi ta gindi, kuma ka lissafa ƙofofin da ƙafarka: Ƙofar Doka, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima, Ƙofar Kona, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Jatau, sai Ƙofar Tukur-Tukur da wasu ke kira Ƙofar Kibo. Amma in gaya maka gaskiya ba za ka samu zagaye miƙaƙƙe ba, wurare da dama gidaje sun hau kan layin ganuwar, wani wurin bola ce, wani wurin kududdufi, dole ka riƙa shiga lungu kana fita. Ɓangaren kudu, daga Kona zuwa Gayan zuwa Kuyambana, ya fi daɗin ƙafa don har yanzu akwai sarari da gonaki. Abin da yara ba su sani ba shi ne da gangan aka yi ganuwar da faɗi haka, aka bar gonaki da ruwa da dutsen Madarkaci a cikinta, don in an yi wa gari ƙawanya mutane su ci gaba da noma a ciki ba yunwa ta fitar da su ba.

Bakanon Samaru:
Baba Malam Allah ya ƙara lafiya. Amma tsakani da Allah, ƙafar mutum goma masu gudu ranar Asabar ita za ta rushe abin da masu ɗibar ƙasa suke kwasa da baro suna buga bulo? Ni na gani da idona. A bar jaki a daki taiki kenan.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarka ɗan Kano, su ne manyan masu ɓarna, su da masu yanka fuloti. Amma ni da waɗanda ke cikin gurup ɗin nan nake magana, mai baro ba ya nan. Kuma ku masu kambas mai tsada da agogon auna gudu, in yaran unguwa suka gan ku a sama kuna ɗaukar hoto kun halatta musu kenan. Gobe in mai unguwa ya kori yaro sai ya ce ai 'yan boko ma suna hawa.

Ɗan Tudun Wada:
Na karɓa Baba, na janye maganar hawa. Ganuwar Sarauniya Amina ta fi ƙarfin in taka ta da kambas ɗina na gwanjo.

Malamin Tarihi:
To ka taɓo wani wurin kuma. Kowa ganuwar Amina yake cewa, ba a Zariya kaɗai ba, garuruwa da yawa a ƙasar Hausa in an ga tsohuwar ganuwa sai a ce ta Amina ce, saboda labarin da ake bayarwa cewa duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi. Amma ganuwa irin wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, sarki bayan sarki ne ake ƙarawa ana faɗaɗawa. Ko zamanin ita Aminar ma masana ba su haɗu a kai ba, tsohon tarihin sarakunan Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438, mu kuma a nan an fi cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake danganta dawowar sarauta daga garin Turunku zuwa nan wurin da zamaninsa, wajen 1536. Kun ga tsakani akwai shekara ɗari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a rubutunsa, don haka ba tatsuniya ba ce, lokacin ne ake gardama. Sunan garin kuma daga ƙanwarta Zariya aka ce ya samo asali.

Shi ya sa ni na fi son shawarar Kufena. Mutane sun zauna a gindin dutsen nan da kansa tun kafin birnin da muke gani yanzu ya kafu, akwai ragowar ganuwa a kewayensa, in ka san abin da kake nema za ka ga jerin duwatsu da hannu ya jera, da guntayen tukwane a ƙasa bayan ruwa ya wanke. Wanda bai sani ba zai tsallake su a guje ya ce bai ga komai ba sai dutse da ciyawa.

Manomin Galma:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban ce komai ba, amma tunda an zo maganar "ta cikin gonaki" dole in yi magana don ni abin ya shafa. Ina da 'yar gona a fadamar Galma ta wajen Dakace, tumatir da albasa da barkono nake yi da rani. Bara wasu samari su wajen takwas suka zo da kayan tirenin masu kyalli, wai sun gano sabuwar hanya a waya, suka ratsa min ta tsakiyar fangalin albasa da na yi dashe kwana huɗu, suka rushe min bakin kwalbatin ruwa, ko sallama babu, da yarona ya yi musu magana ɗaya ya ce wai ai taswira ta nuna hanya ce. Taswirar ce ta sayi irin? Ita ta sayi man injin ban ruwa? Ku abin da kuke kira bayan gari mai kyan gani, mu ofishinmu ne. Ba na hana kowa gudu, ƙasa ta Allah ce, amma akwai hanyar ƙafa, akwai burtali, akwai kan iyaka tsakanin gona da gona, a bi nan. Kunyar shuka ba wurin takawa ba ce. Kuma in ka ga mutum a duƙe yana aiki ka ce sannu da aiki, ba za ta rage maka gudu ba.

Tsohon Soja:
Alhaji ka faɗi gaskiya, Allah ya huci zuciyarka. Kuma gaisuwar nan ba ladabi kawai ba ce, tsaro ce. A yanayin da ake ciki, mutanen ƙauye su hango ƙarti goma ba su san su ba sun fito daga cikin dawa da sassafe a guje, me kuke so su ɗauka? Kafin ka ce motsa jiki nake an buga wa 'yan sintiri waya.

Ɗan Tudun Wada:
Subhanallah, Alhaji ka yi haƙuri a madadinsu. Ni kaina da ban ji daga bakinka ba da wataƙila na yi irin wannan, don ni a Strava, manhajar masu gudu ta waya, nake duba inda wasu suka bi in bi.

Manomin Galma:
Ba komai ɗan'uwa. Wayar ba ta san wata ba ne. Hanyar da wani ya bi a watan Janairu gona a share, in ka zo a Agusta masara ce ta fi ka tsayi. In kuna son Galma ku zo da rani ku bi bakin kogi ta kan tudu, da safe akwai sanyi mai daɗi da ƙamshin albasa, ga balbelu, ni da kaina zan nuna muku inda za ku bi. Da damina kuwa ku manta, laka za ta cire maka takalmi ta riƙe.

Hajiyar Kongo:
Ni tambayata daban ce. Duk maganar nan ta maza ce ko har da mu? Mu huɗu ne muke tafiyar sauri da safe a cikin makaranta, zagaye ɗaya kullum har masu gadi sun haddace mu, ni ciwon suga ne ya fito da ni. Ina sha'awar ganin Kufenan nan amma gaskiya ina tsoro, na farko tsaro, na biyu bakin mutane, mace da hijabi da kambas a ƙauye sai an bi ta da kallo kamar ta sauko daga wata.

'Yar Wusasa:
Hajiya ki zo, ni zan tare ku. Ta ɓangarenmu an saba ganin mata suna fita motsa jiki, ba wanda zai kalle ki sau biyu. Ki sa hijabi mai ɗan gajarta wanda ba zai kama ƙaya ba, da safa mai kauri saboda ƙarangiya, in ta kama bakin zani sai kin yi awa kina cira. Ba sai mun hau sama ba, mu tsaya gindin dutsen mu juyo.

Bakanon Samaru:
Hajiya in Bazazzagi ya gan ki ma cewa zai yi "wannan matan yana gudu" hhhh ku da ba ku raba mace da namiji a magana ba.

Hajiyar Kongo:
Ɗan nan za ka ci gidanku, ni sa'ar uwarka ce. Mai gurup a ja masa kunne.

Mai Gurup:
Bakano ka ji dai. Wasan Kanawa da Zage-zagi ba a hana shi, amma a bar iyaye mata.

Bakanon Samaru:
Tuba nake Hajiya. Bari in biya tara da hanya. Mu 'yan Samaru namu sauƙi ne, ka shiga cikin ABU ka gangara wajen dam na Kubanni, akwai hanyar ƙasa da itatuwa, da safe hazo na kwance kan ruwa, masunta na ta harkarsu, ba mota ba hayaniya. In kana son ƙari ka fita ta wajen Bomo, ƙasar a shimfiɗe take, sai gonakin masara da dawa da kuka nan da can, mutanen wajen sun saba da ɗalibai. Matsala ɗaya karnuka, in ka kusanci ruga ka rage gudu ka koma tafiya, ka yi sallama da ƙarfi mai gida ya fito ya tsawata musu. Ranar farko ban sani ba na ƙara wuta, wallahi ranar na kafa tarihin gudun da har yau ban sake kamo shi ba. Sai dai tarihi kam babu a wajenmu, jami'ar ma 1962 aka buɗe ta.

Malamin Tarihi:
Ka ji yaro. A kan tarihi kake gudu ba ka sani ba. A nan yammacin Samaru, kwarin Kubannin da kake yabo, masu binciken kayan tarihi na jami'arku sun tono matoyar tama, inda mutanen da suke narka dutse su fitar da ƙarfe, kuma awon da aka yi ya nuna sun haura shekara dubu. In kana bin hanyar gona ka ga wani baƙin abu mai nauyi mai ƙuraje kamar dutsen da ya narke ya daskare, kashin maƙera ne, ragowar wannan aikin. Manoma suna ture shi gefen gona don yana karya garma. Dalilin da ya sa mutane suka taru a nan tun farko kenan, ga tama, ga itacen yin gawayi, ga ruwa, ga dutsen fakewa. Ko aikin binciken noma na Samaru ya girmi jami'ar da wajen shekara 40, tun shekarun 1920 ake gwajin auduga a wurin.

Kuma dan Allah wanda ya ga guntun tukunya ko kashin maƙera ya ɗauki hoto ya bar shi inda yake. In ka sa a aljihu ka kai gida ya zama tsakuwa kawai, wurin da yake kwance shi ne rabin labarinsa.

Bakanon Samaru:
Ikon Allah. Baba wallahi na sha ganin abin nan na ɗauka kwalta ce ta zube. Shekara uku ina tsallake shi.

Tsohon Soja:
Tunda Malam ya buɗe littafi bari in tambaya. Muna kurata an taɓa fita da mu ta hanyar Jos, wani tsoho ya nuna mana wani dogon tudu miƙaƙƙe cikin gonaki ya ce hanyar jirgi ce ta da. Gaskiya ne?

Malamin Tarihi:
Gaskiya ne Yallaɓai. Ƙaramin jirgin ƙasa ne mai siririn dogo da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, an gama shi 1914 aka rufe shi 1957. Babban layin da ya taho daga Baro zuwa Kano kuwa 1911 ya iso, shi ya haifi Sabon Gari. Da an bar turbar ƙaramin nan a matsayin hanyar ƙafa da kun samu wurin gudu da babu irinsa, don jirgi ba ya son hawa mai tsanani, a hankali take tashi. Amma an cire ƙarafan tuntuni, noma da gini sun cinye mafi yawanta.

Ɗan Tudun Wada:
To Baba, Turunku fa? Tunda daga can aka taso, ba za a iya shirya gudu daga Turunku zuwa Kufena ba, a bi sawun kakanni? Ko sau ɗaya a shekara.

Tsohon Soja:
Ƙanena wata bakwai da fara gudu har ka kai nan? Turunku tana cikin ƙaramar hukumar Igabi, ta fi kilomita 30 daga nan, ka kusa cikakken gudun fanfalaki kenan mai kilomita 42. Wannan sai da motar rakiya da ruwa a hanya da sanin hukuma da masu gari. Kuma ni ba zan ɓoye muku ba, dajin kudu da yammacin garin nan ba wurin da zan kai mutane ba ne yanzu sai na tambayi waɗanda ke kwana a wurin. Duk mun san abin da unguwannin bakin gari suka gani a shekarun nan. An samu sauƙi a wasu wuraren alhamdulillahi, amma labarin wata uku da suka wuce ba shi ne labarin yau ba. Ko Kufenan ma ƙa'idata ita ce: ba mutum ɗaya, ba kafin gari ya waye ba, ba bayan la'asar sakaliya ba, ba zagayawa bayan dutsen, kuma a daina saka lokeshan da lokacin fita a Facebook kowa na gani. In an dawo a saka hoto.

Hajiyar Kongo:
Yauwa Yallaɓai, wannan ita ce maganar da nake jira. In haka ne maigida zai bari.

Manomin Galma:
Ku ƙara da zuwa gaida mai unguwa kafin ranar. Mutum biyu su je da ɗan goro su ce ga mu ga abin da muke yi, shi zai gaya wa 'yan sintiri, shi zai ce muku yau kar ku bi ta can. Kuma ledar fiya wata, dan girman Allah kowa ya mayar da tasa aljihu, shanu da awaki suna ci tana kashe su.

'Yar Wusasa:
Wannan ku bar min, babana ya san masu unguwannin wajen, zan sa a yi magana kafin Juma'a.

Malamin Tarihi:
In kun yarda da tafiyar tsoho zan zo, amma ni ba gudu, ku yi gaba ku same ni a gindin dutse da sandata in nuna muku jerin duwatsun. Wata Asabar ɗin kuma mu yi ta cikin birni da ƙafa, mu tashi daga Ƙofar Doka mu bi ta Babban Dodo zuwa ƙofar fada, ku ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, tsohon ginin ƙasar yana nan a cikin sabon da aka lulluɓe shi da shi, bakan gizon rufinsa kaɗai ya isa a tsaya kallo. Sai dai can ba wurin gajeren wando ba ne, na faɗa tun yanzu.

Ɗan Tudun Wada:
Baba ai zuwanka shi ne tafiyar. To jama'a ga yadda na fahimta, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, haɗuwa a Wusasa inda Anti za ta faɗa mana ta saƙon sirri, ƙarfe 6:30, masu gudu su yi gaba da Oga Soja, masu tafiya su biyo da Anti da Hajiya da Baba, kowa da ruwansa, a juyo kafin 9 rana ba ta yi zafi ba. In an yi ruwa daren Juma'a ba hawa dutse. Wanda zai zo ya rubuta suna a ƙasa.

Tsohon Soja:
6:30 ta soja ba ta ɗaurin aure ba. 6:35 na tafi.

Bakanon Samaru:
Ni na ɗaya. Zan zo in ga dutsen da ake cika mana baki da shi. Akwai mai ƙosai a wajen ko in taho da nawa daga Samaru?

'Yar Wusasa:
Akwai, har da kunun gyaɗa, amma tana tashi kafin 9:30. In kun tsaya ɗaukar hoto a sama ruwanku.

Manomin Galma:
Ni ba zan samu zuwa ba, ranar nake sa taki. Ku ɗauko min hoton Galma daga sama in ana hango ta.